Abin da Inna Hajo Ta Ji Bayan An Rufe Ƙofa

Ina da shekara arba'in da takwas na fara shiga intabiyu a rayuwata, kuma da bakina na samar wa wani aikin da na je nema.

Shekara goma sha tara ina jan motar Alhajina, har Allah ya yi masa rasuwa, magada suka sayar da motar, suka sallame ni da addu'a. Na ji wani kamfanin taki na neman direba, na je. Tun daga bakin ƙofa na tuɓe takalma, na durƙusa, na bi mutum ukun da ke bayan tebur ɗaya bayan ɗaya: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aka ji da zafi. Na tsakiyar ya duba agogo sau biyu. Da ya tambaye ni dalilin da zai sa su ɗauke ni su bar sauran, sai tarbiyyar gidanmu ta motsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni wane ne? Ai ko a bencin nan na waje akwai wani Abbas, tun safe muke hira, yaron kirki ne, ya ma fi ni ƙarfin ido."

Suka yi mani godiya ƙwarai. Abbas ya fara aiki ranar Litinin.

Matata Lailatu ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi tunda na iya samo wa mutane aiki, in buɗe ofis. Daga nan ta tura ni wurin Inna Hajo, don wata makarantar kuɗi na neman direban bas, saura kwana shida a yi intabiyu. Wata na biyar ke nan ƙanen Lailatu ne ke kawo mana hatsi, ni kuwa in na ji sallamarsa sai in shige banɗaki.

Inna Hajo 'yar Batagarawa ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ta shigo birni ta samu aikin shara a wani ofis da ke GRA. Ba ta yi boko ba. Amma shekara ashirin da takwas, duk ranar ɗaukar ma'aikata ita ke shiga da shayi da ruwa, ita ke kwashe kofuna. Mai neman aiki yana fita, a rufe ƙofa, manya su saki jiki su faɗi gaskiyarsu a kansa, ba mai tuna akwai wata da tire a gefe. Abin da ta tara ke nan. Yanzu ta yi ritaya, tana sayar da daddawa da kuka a zauren gidanta a Kambarawa, masu digiri kuma na zuwa su zauna a tabarmarta. Ba ta taɓa cewa a kawo mata komai ba.

Na ba ta labarina, ta yi dariya har da share hawaye da bakin mayafi.

"Tanko, kai da bakinka ya gagari tasha, mi ya ɗaure shi can?"

"Inna, yabon kai jahilci ne. Haka aka raine mu."

"Haka ne. To in alƙali ya kira ka shaida, ɓoye abin da ka gani kake don kunya?"

"A'a."

"To shaida za ka ba da. Kar ka ce ka iya. Faɗi abin da ya faru, su ce ka iya bayan ka fita."

Ta kifa turmi, ta jawo tulu, ta zauna tsakaninsu, ta ce ga manya uku. In fita in yi sallama in shigo. Na shigo, ta ce na durƙusa, in koma. Na sake shigowa, ta ce gaisuwar ta kai ta ta'aziyya. Na uku na tambayi turmi ya iyali, ta jefe ni da mafici.

"Barkwancin nan bar shi waje tare da babur ɗin da ya kawo ka. Gaisuwa ɗaya, ka zauna inda aka nuna maka. Kuma ka daina kallon ƙasa. Na sha jin suna cewa, wancan da ya ƙi haɗa ido, akwai abin da ya ɓoye. In fuska ta yi maka nauyi, kalli goshi."

A rana ta uku ta ce in ba ta labarin ranar da na fi jin tsoro a mota. Na gaya mata yadda birki ya tsinke mani a hanyar Dutsin-ma, iyalan Alhaji bakwai a ciki, na riƙa sauke giya ɗaya bayan ɗaya har na kwantar da motar cikin yashi, yaran ko farkawa ba su yi ba.

"Wannan ka bari a ciki, ka tsaya tallan Abbas?" Ta girgiza kai. "Saura ɗaya. In sun gama za su ce ko kana da tambaya. Mutanenmu sai su ce babu, sun gode. Ana rufe ƙofa a ce ba shi damu da aikin ba. Ka tambayi abin da direba zai tambaya."

Ranar intabiyu na shiga da takalmana, ƙafafuna suna jin kamar sun yi sata. Mai makarantar, Hajiya Madina, ita ce a tsakiya. Na kafa wa goshinta ido. Ta ce me ya sa za su ɗauke ni. Na ji "ni wane ne" ta taso har maƙogwaro, na haɗiye ta. Na ce shekara goma sha tara ban taɓa buge ko akuya ba, kuma kullum kafin in tayar da mota sai na duba mai da ruwa da taya. Na ba su labarin hanyar Dutsin-ma yadda ya faru, ban ƙara gishiri ba, abin da ban taɓa yi wa wani labari ba.

Da ta ce ko ina da tambaya, na ce, "Hajiya, ko zan iya ganin bas ɗin?"

Suka kalli juna. Muka fita duka. Na zagaya, na tsuguna, na nuna mata tayar baya ta hagu da ta sule, gefenta ya fara tsagewa. Na ce in ni ne, ba zan ɗauki yara a kanta ba. Nan take na ce a raina shi ke nan, na zagi motar mutane a gidansu. Sai ta juya ta ce wa na kusa da ita a kira mai taya yau, ni kuma in kawo lasisina gobe da safe.

Allah ya saka wa Inna Hajo da alheri. A layinmu kaɗai na san nas ɗaya, malamai biyu da mai gadi da suka bi ta gaban turmin nan. Ranar da aka ba ni makulli, bayan na sauke yara, na biya da bas ɗin har ƙofar zaurenta, na danna hon sau uku don unguwa ta shaida. Ta fito tana gyara mayafi. Na yi ta yi mata godiya, sai na ji kunya, na waske.

"Inna, kin ga abin da bakina ya samo mani? Da kin ga yadda na juya su!"

Ta dubi bas ɗin, ta dube ni.

"Baki ya samo, na ji. To rufe shi ka kalli hanya. Ɗiyan mutane aka ba ka, kuma ba baki ke taka birki ba."