Inda Iska Ke Fita

A daminar da na cika shekara goma, ranar wata Laraba da kasuwar garinmu ke ci, mahaifina ya miƙo mini tiyub ɗin keken wani mai kai nono, ya ce in nemo hudar. Baba mai faci ne, rumfarsa tana gindin darbejiya daura da firamare, kuma daga nan nake jiyo tsarana suna langa in an tashi tara. Na hura tiyub ɗin, na tsoma shi sau ɗaya a rabin duron ruwa, na ce lafiyarsa lau. Baba bai ɗaga murya ba. Zaunar da ni ya yi, ya sa na riƙa nutsa shi taƙi-taƙi, har wasu 'yan ƙwayoyin iska suka soma tasowa daga gindin bawul. "Iska ba ta fita a ɓoye," in ji shi, "mai gaggawa ne ba ya ganinta."

Ban yi boko ba. Da sassafe nakan ɗaure wa awaki harawa, in jido ruwan rijiya in cika duron, sannan in zauna kankare roba da shafa sholisho har azahar. In kasuwa ta watse sai mu yi tseren gare-gare da tsofaffin tayoyi. Na daɗe ina jin haushin duron nan, don a ganina shi ya raba ni da aji.

Yanzu na haura arba'in, ina girki a wani ɗan gidan abinci a unguwar Setapak, can ƙasar waje, na Hajiya Rabi, matar wani malamin jami'a. Bara ta sayi ƙaramin tankin ƙarfe da tukunyar gas hannun wani maƙwabci da ke haɗa giyarsa a gida, don mu riƙa yi wa ɗalibai zoɓo mai gas. Saboda abin da tankin ya taɓa ɗauka, ta sa aka wanke shi sau bakwai, zobunan robarsa kuma aka ciro aka dafa su. Tukunyar gas ta farko kwana biyu ta yi, zoɓon ya fito salam. Ta biyu ma allurar agogonta ta soma sauka.

"Malam Isa, kai ke barin ta a buɗe," in ji Hajiya. "In wannan ma ta ƙare, sai dai ka nemi wani kedai." Haka mutanen ƙasar nan ke kiran shago.

Takardar bayanin tankin da Turanci take, ni kuwa ko Hausar da ƙyar nake haɗa baƙi a ajinmu na manya. Sai na kaɗa ruwan sabulu, na bi tiyo taƙi-taƙi, na shafe kowace mahaɗa. A bakin murfin tankin kumfa ta kumburo kamar wuyan kwaɗo. Zoben robar ne ya tsage, dahuwa ta cinye shi. Hajiya ta leƙo, ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Ashe tsarkin ne ya yi yawa!" Muka sa sabo, allura ta tsaya cak har washegari. Da hannunta ta cika mini kofin farko.

An sare darbejiyar, Baba ma ya rasu bai ga na rubuta sunana ba. A nan ba mai facin tiyub, canzawa ake yi. Amma ranar nan, ina kallon kumfar, sai na ji ƙamshin sholisho. Ashe duron nan ma aji ne.