Aksil ɗin Iliyasu

A Kudan in ka ce Iliyasu Ba-Ka-Kafewa, kowa ya san direban tsohuwar a-kori-kurar nan mai kwaso rake daga fadama. Motar kam sai addu'a, ƙofarta ma da igiya ake ɗaurewa. Amma fa ko a tsakiyar damina ba a taɓa ganin ana tura ta ba, har wasu na rantsuwa laya ya binne a ƙarƙashin kujera.

Ina wata laya! Aksil ne, ƙarfen nan mai juya tayoyin baya, da ya sayo a Kaduna. Na sauran motoci, da taya ɗaya ta faɗa taɓo, duk ƙarfin injin can yake tafiya, ta yi ta wulwulawa a banza, ɗayar tana tsaye ƙiƙam. Nasa kuwa akwai wasu faya-fayan ƙarfe a ciki. Da taya ta fara sulɓi sai su cije, su miƙa ƙarfin ga wadda ke kan tsandauri. Sai dai yana da tsirfa, ba ya shan kowane mai sai nasa, daga Zariya.

Matarsa Hajo ta tsani aksil ɗin nan. Shekarar da ya yi alkawarin sake mata rufin ɗaki, aksil ɗin ya shigo da shi gida yana washe baki. Tun daga nan, duk sanda ta tara roba a ƙarƙashin yoyo sai ta ce, "Malam, a gaida ƙarfe."

Sai ga 'yarsu Naja'atu ta yi haihuwar fari a Malikanchi, a watan Agusta, za a ɗauko ta wankan gida. Hajo ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu, a ɗakinta 'yarta za ta yi jego.

A dawowa, ga Hajo da mai jego da jinjiri a gaba, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, suka iske kwari ya cika da laka, motoci biyu sun kafe. Suna shiga tayar hagu ta nutse. Hajo ta ƙanƙame jikanta tana salati.

"Malam, ɗanyen jiki ne fa. Kada ruwan nan ya taɓa su."

"Riƙe shi da kyau," in ji Iliyasu.

Ya taka totur a hankali. Tayar ta wulwula sau ɗaya, aksil ya yi gurnani, sai ta dama ta kama ƙasa. Motar ta ja jiki ta haye.

Suna shiga gida ruwa ya kece. Hajo ta shimfiɗa wa 'yarta a lungun da ba ya yoyo, ta tura roba inda aka saba. Iliyasu na bakin ƙofa yana jiran gaisuwar ƙarfe.

Hajo ta daɗe tana kallon jinjirin, sannan ta ce, "Man aksil ɗin nan na Zariya, Malam, bai kusa ƙarewa ba dai ko?"