Agwagwa a Kan Gammo

Ni dai ban taɓa shan wahalar jinya irin wadda na sha a kan agwagwa ba. Na yi jinyar mahaifina, na yi ta yarana, babu wanda ya sa na tsuguna ina tallafe masa wuya har gwiwata ta ƙage. Kuma agwagwar ma ba tawa ba ce.

Ta surukata ce. Da za ta wuce Yola zaman jegon ƙanwar matata, ta biyo ta gidanmu a Mayo Gwoi, ƙunshin kaya a ka, agwagwa a hammata. Baƙa ce mai farin wuya, fuskar nan duk jan tsiro. Ta sauke ta a tsakar gida, ta dubi matata, ba ni ba, ta ce, "Ga amana. Na san gidan nan ko tsintsiya aka bari sai an yi cigiya."

Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Dada."

Tun da na auri 'yarta, tsohuwar nan ba ta yarda na iya komai ba sai cin tuwo. Na ƙudura a raina za ta dawo ta tarar da agwagwarta ta yi ƙiba.

Damina ta yi nisa sai ciwon kaji ya shigo unguwa. Kaza ta tsaya ta saki fukafukai kamar ta yafa zane, ta yi ta gyangyaɗi, ta yi farin kashi, wata wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Na yi abin da na tashi na ga ana yi. Na jiƙa ɓawon maɗaci, na daka barkono na zuba a ruwan shansu, na fasa kafso ja da rawaya a cikin dusa. Wasu suka tashi, wasu suka tafi. Wadda ta mutu kuwa sai in kama ƙafarta in wurga a kwarin bayan gida, inda kowa ke wurga tasa. Ita agwagwa ko a jikinta. Ta ci nata, ta ci na marasa lafiya, ta fice yawo tana rangaji, ta dawo da taɓo har wuya.

Ranar da na dawo daga wajen buga bulo na tarar da ita kwance bakin randa. Ido a buɗe, tana numfashi, amma wuyan nan a shimfiɗe a ƙasa kamar igiyar guga. Na ɗaga kan, na saki, ya faɗi.

Kafin in wanke hannu likitoci sun cika gidan. Maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai ta leƙo ta katanga ta ce da irin Hausarta, "Maigida, wannan agwagwa ya sha guba ne. Ba shi manja." Na ɗura mata manja. Wani tsohon soja da ke gaba da mu ya ce maciji ne, a nemi wurin saran. Muka birkice gashinta kaf, ba mu ga komai ba, sai gashin da ke biyo hannu. Shi kuma mai Keke Napep da ke ajiye kekensa a ƙofar gidana, tun ban tambaye shi ba ya hau rantsuwa.

"Wallahi Baba ban taka ta ba. Wa zai taka agwagwa ya kwana lafiya?"

"Wa ya ce ka taka?"

"Na ga yadda kake kallona ne."

Da na ga abin ba na tashi ba ne, na ɗauko wuƙa na hau wasawa a bakin turmi. Hankali ai shi ne a yanka kafin ta zama mushe, ko ba komai a sha romo. Matata ta fito daga kicin ta tsaya a kaina.

"Baban yara, me za ka yanka?"

"Kina gani."

"To bismilla. Amma kai za ka gaya wa Dada da bakinka. Ni ban gani ba, ban ji ba."

Na mayar da wuƙar inda na ɗauko.

Kamar an gaya mata, sai ga wayar tsohuwar. Ta gaisa da 'yarta sama-sama ta ce a kai wayar kusa da agwagwa ta ji motsinta. Allah ya taimake ni irin tamu ta gida ba ta kuka, sai huci. Na matso da bakina na yi huci biyu. Tsohuwar ta ce, "Mura take yi?" Ta ƙara da cewa jibi tana hanya.

Washegari na saka agwagwa a kwali na nufi kasuwa, shagon maganin dabbobi. Wata yarinya ce a ciki, ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Na ce allura nake so, mai ƙarfi. Ta buɗe kwalin ta duba.

"Baba, wuyan murɗewa ya yi ko sakewa?"

"Sakewa."

"To ba ciwon kajinku ba ne. Ina take kiwo?"

"Kwarin bayan gida."

"Akwai mushe a wurin?"

Na ce ai duk mushen unguwa can yake. Ta ce to shi ke nan. Kazar da ta ruɓe tana yin tsutsa, agwagwa kuwa ba abin da take so kamar tsutsa, dafin ruɓar ne ke kashe mata jiki. Ashe mu muke dafa mata abincin da hannunmu. Ta ce babu allurar da za ta sayar mini. In ajiye ta a inuwa, in riƙa ɗiga mata ruwa mai tsabta da ɗan garin gawayi, kuma kada in bar kan a ƙasa ko kusa da kwanon ruwa, don za ta iya nutsewa a ruwan da bai kai tafin hannu ba. In ta kai jibi da rai, za ta tashi.

Na ce, "'Yata, ko ɗan kafso ba za ki ba ni ba?"

Ta ce, "Baba, fanka da rediyo ne kaɗai suka rage ba ku ba su kafson nan ba."

A gida na rasa abin da zan tokare wuyan da shi. Na gwada bulo, ya yi tsawo. Na gwada takalmi, ya zame. Can na hango gammon da tsohuwar ta manta a kan taga, na ɗauko. Ya zauna daram kamar don ita aka naɗa. Aiki kuwa ban je ba. Ina tsugune da sirinji, in buɗe baki, in ɗiga, in jira ta haɗiye, in gyara gammo. Abokan aikina suka aiko a tambaya ko lafiya, matata ta ce musu ina jinya. Suka ce Allah ya ba mai jiki sauƙi, ta ce amin, ba ta ƙara komai ba.

Ranar da tsohuwar za ta iso, agwagwa ta fara motsa ƙafa, amma kan yana kan gammo. Da la'asar muka ji tsayuwar Keke. Na miƙe, gwiwa na ƙara. Tsohuwar ta yi sallama, ta wuce mu duka ta tsaya kan agwagwarta. Ta kira ta da Fillanci. Sai ga wuyan nan ya ɗago, yana rawa kamar na ɗan maye, amma ya ɗago. Na kai hannu in tallafa, ta kai mini cizo a yatsa.

Matata ta kwashe labarin duka ta gaya mata, har da wuƙar, ban da hucin waya. Tsohuwar ta daɗe tana kallon agwagwa. Sannan, karo na farko tun aurena, ta juyo ta dube ni.

"Ta rame," ta ce. "Amma tun da ka iya, a nan zan bar ta. Akwai wasu ma a gida, zan aiko."

Na ce, "To, Dada."

Da gari ya waye na ɗaure agwagwa da tsumma a ƙafa jikin turmi, na saɓi shebur na gangara kwari. Na toshe hanci na haƙa rami, na tattara duk abin da ke wurin na binne. Ina cikin mayar da ƙasa sai ga tsohon sojan nan riƙe da mataccen zakara, yana shirin wurgawa. Na miƙa masa shebur.