Jan Zanen Mak Leha

Duk wanda ya taɓa zagaya tafkin Changkat Merbau da ƙafa ya san Mak Leha, wato Inna Leha. Ita ce tsohuwar nan mai rumfa a bakin hanyar shiga daji, wadda za ta miƙo maka shinkafar kwakwa a ganyen ayaba tana gaya maka cewa takalmin da ka sa ko bayan gida ba zai kai ka ba. 'Yan birni su yi dariya su ɗauke ta hoto. Mutanen gari kuwa ba su cika dariya ba, sun daɗe suna shan bakin nan.

Ba a banza ta samo muryar ba. Tun tana yarinya take tsayawa cikin ruwa har gwiwa tana wanke kuza da akushin katako a bayan jirgin haƙa, ƙaton ƙarfen nan da yanzu ya yi tsatsa a gefen tafki, birai suka mai da shi gida. Ƙarar jirgin ba ta barin a ji magana sai an yi ihu. Leha ta ɗaga murya tun lokacin, ba ta sake sauke ta ba. A can ta haɗu da mijinta Manap, mai zuba wa inji mai, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Da farashin kuza ya faɗi, kamfani ya tattara nasa ya nasa, ramin ya cika da ruwa, daji ya rufe kewayensa, rabin gari ya tafi birni. Su biyu suka zauna, ita tana faɗa, shi yana cewa to.

Da 'yan birni suka fara zuwa yawon ƙafa, sai Pak Manap, wato Baba Manap, ya zama mai kula da hanyoyin tafkin. Ya sare reshe, ya gyara gada, ya ɗaura tsumma a jikin itace don kada baƙo ya kauce. Kaucewa a nan ba wasa ba ce. A bayan jirgin akwai lakar da ya yi shekaru yana tofarwa, samanta ya bushe, ciyawa ta fito shar, amma ƙarƙashinta ba wanda ya taɓa jin ƙasa. Kuma duk ayarin da zai shiga sai Manap ya tsayar da su ya faɗa musu abin da ubansa ya faɗa masa: in kana daji ka ji muryar da ka sani tana kiranka, ba ka ga fuska ba, kada ka amsa. Mutanen ɓoye suna aron murya, kuma sun fi kiran wanda ya shiga wahala. Wanda ya amsa, sun tafi da shi.

Ranar da abin ya faru an kwana biyu ana ruwa a kan duwatsu. Manap ya fita da hantsi da addarsa, ya ce itace ya faɗi ya tare hanya a bayan jirgi, zai fitar da wata hanyar kafin masu yawon ranar Asabar su iso.

"In ka ga dama ka kwana can," in ji Leha. "Wa ya san ma ka fita?"

Azahar ta yi bai dawo ba. Shinkafarsa ta huce a kwano. Leha ta zage shi a ranta, ta leƙa hanya, ta dawo, ta sake leƙawa. Manap bai taɓa rasa azahar a masallaci ba. Ta rufe rumfa ta nufi shagon Lai Fook, tsohon direban jirgin, wanda suka yi aiki tare da mijinta tun suna samari.

"Kak Leha, yau kuma wa ya taɓo ki?" in ji Fook yana goge kofi. Kak, wato Yaya, yake ce mata.

"Abokinka bai dawo ba."

Fook ya dubi fuskarta, ya ajiye kofin. Ya fita ya tara samari.

Kafin la'asar samarin gari sun bazu a hanyoyin tafkin, wasu ta gadar katako, wasu ta tsohon gidan wuta. Daga kowane ɓangare sai ka ji "Pak Manap! Pak Manap!", dajin ya mayar musu da muryarsu. An ce Leha ta zauna a gida. Wanda ya faɗi haka bai sake faɗa ba. Ita da Fook suka bi ta bayan jirgi, tsofaffi biyu suna zamewa a taɓo, matsattsaku na hawa musu ƙafa.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne ruwan. Tafkin da ta sani shuɗi ya koma ja, ya haura matattakalar jirgin, yana ci gaba da hawa a hankali. Rafukan duwatsu ne ke juye masa abin da suka kwaso. Ta san in ruwa ya malala kan lakar nan, duk wanda ke cikinta ruwan zai kashe shi tun kafin ta gama haɗiye shi.

Suka iske itacen da ya faɗi. Ga saran adda sabo a jikinsa, ga sawun da ruwa ya fara sharewa, mutum babu. Ganyaye sun rufe gangaren da ke ƙasa, ba a ganin komai. Fook ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Shiru.

A nan Leha ta tsaya. Ta dafa itacen. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, kuma maganar da ta raka shi da ita da safe ta dawo mata.

"Abang," ta ce, yadda matan garin ke kiran mazajensu. Muryar ta fito siririya, tana rawa. "Abang, ka yi mini rai ka amsa. Ni ce. Ka dawo gida, na ajiye maka abinci. Ba ni da kowa sai kai, ka ji? Don Allah, Abang."

Fook ya kawar da kai, kunya ta kama shi kamar ya leƙa ɗakin mutane. Suka kasa kunne. Ba abin da suka ji sai ɗigar ruwa daga ganye. Sama ta yi baƙi ta fuskar duwatsu, aka yi tsawa.

"Kak, mu koma mu kirawo 'yan kwana-kwana," in ji Fook. "Ba ya nan. Da yana nan da ya amsa miki."

Ta juya za ta bi shi, hawaye sun rufe mata ido. Sai wani jan abu ya taɓa mata goshi. Tsumma ne ɗaure a reshe, sabo fil, da zanen furanni masu ruwan gwal. Ta kama shi ta duba. Gaba kaɗan ga wani, ga wani kuma, sun bi gefen gangaren. Zanenta ne. Jan zanen da 'yarta ta aiko mata na salla, wanda ta yi mako tana nema, har ta zargi maƙwabciyarta Mak Som ta daina gaishe ta.

Abin da ya taso mata ba ta san lokacin da ya fito ba.

"Manap! Tsohon banza! Zanena ka yayyaga? Zanen sallata? Duk tsummokaran gidan nan ba su ishe ka ba sai shi? Kana kallona ina zagin Mak Som kana shan shayinka! Wallahi in ka mutu ban gan ka ba, sai na tone ka na..."

"Leha?"

Daga ƙasa muryar ta fito, can ƙarƙashin ganyayen, a shaƙe.

"Leha, ke ce? Kada ki matso. Gefen ya zabtare."

Fook ya kwanta rub da ciki ya buɗe ganyen da sanda. Ga Manap nan ƙasa, laka ta kai masa ƙirji, ruwa ya kwanta a kanta ya kai masa haɓa. Ya ɗaga kai sama, hannunsa ɗaya riƙe da saiwa. Fook ya sa yatsu a baki ya yi fito irin na jirgi, samari suka yo gudu. Aka ɓalle katakan gada aka shimfiɗa a kan lakar, aka zura masa igiya a hammata. Lakar ta ƙi sakinsa. Suka ja, ya yi ƙara, suka sassauta, ruwa ya taɓa masa leɓe. Leha na sama tana zagin kowa da sunansa, tana gaya musu su girgiza shi tukuna kafin su ja, haka ake cire akushi in ya nutse. Ruwan sama ya sauko a daidai lokacin da ya fito, ba wando, ba takalmi.

Aka jingina shi da itacen aka lulluɓe shi da rigar Fook. Jikinsa na karkarwa. Leha ta durƙusa tana cire masa matsattsaku daga wuya.

"Yaran nan sun yi ta kiranka," ta ce. "Ba ka ji ba?"

"Na ji. Ban ga fuska ba."

"Ni fa? Na tsaya a nan, a kanka. Ba ka ji ni ba?"

"Na ji wata," in ji Manap, haƙoransa na haɗuwa. "Da muryarki sak. Wai Abang ka yi mini rai, wai ba ta da kowa sai ni. Har kuka ta yi. Na ce a'a, sun iya aro amma ba su san Leha ba. Na rufe ido na yi ta addu'a har ta yi shiru."

Ba da gatse ya faɗa ba. Labari yake ba ta, yana ma jin daɗin cewa bai ruɗu ba. Samarin suka fara dariya, Fook ya harare su suka haɗiye.

Mak Leha ta miƙe. Ta kwance jan tsumman daga reshe, ta shiga goge masa lakar da ta cika masa kunne.

"Ni ce," ta ce.

A hankali ta faɗa, har sai da ya karkato kai ya ce ta maimaita.