Mode Dubagari da Kofin Zamzam

A shekarar 1974, cikin watan Agusta, Mode ya fara haɗuwa da Yusha'u. Mode na da shekara ashirin da uku, sabon dubagari, an turo shi wani ƙauye na ƙasar Wurno a gaɓar Rima, da gajeren wandon kaki da ludayin ƙarfe mai dogon hannu. Aikin dubagari a wancan zamani ba na zaman ofis ba ne. Gida-gida ake bi, a leƙa masai, a duba kwata, a tsoma ludayi cikin randa. In an ga tsutsar sauro, a kifar da ruwan, ko na wane ne.

Ran nan ya kifar da randar wani mahauci. 'Yan'uwan mahaucin suka biyo shi da sanduna, ya faɗa zauren da ya fara gani. Mai zauren, wani saurayi manomin albasa da bai ko san sunansa ba, ya tsaya bakin ƙofa ya ware hannuwa, ya ce wanda ya shigo zaurensa baƙonsa ne. Sanda ta sauka a hannunsa na hagu, ƙashi ya karye. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma hannun bai sake miƙewa sosai ba. Wannan saurayi shi ne Yusha'u.

Shekara talatin da biyar suna cin tuwo a akushi ɗaya. Yusha'u na kiransa Mai-leƙen-randa, shi kuma yana ce masa Sa-mutane-kuka. Mode ya yi aure a ƙauyen, ya gina gida, aka yi ta yi masa canjin wurin aiki zuwa Rabah da Goronyo yana dawowa. Da aka haifi Raihana, autar Yusha'u, Mode ne ya riƙe ragon suna aka yanka.

A farkon 2009 ya yi ritaya. A shekarar ce rediyo ya cika da labarin wata sabuwar mura da ta bazu a duniya, wadda ake kira murar aladu. A majalisar ƙofar masallaci dariya aka yi ta yi. Ina alade a ƙasar Wurno? Wa ya taɓa ganin ko bindinsa? Cuta ce ta masu cin abin, su ta shafa. Mode ya bayyana musu har muryarsa ta dushe: ba a nama take ba, daga mutum take zuwa mutum, ta tari da atishawa da hannun da aka shafi hanci da shi. Yawancin waɗanda ta kama suna warkewa cikin mako guda, amma tana yi wa masu ciki da ƙananan yara da masu ciwon ƙirji mugun kamu. Aka ce dubagari ya rasa randar leƙawa, ya koma leƙen rediyo.

A wannan shekara Allah ya kira Yusha'u aikin Hajji. Ya dawo ranar sha tara ga Disamba, fuska a rame, idanu jawur, yana tari kamar ƙirjin zai tsage. Da Mode ya rungume shi, sai ya ji jikin kamar garwashi.

Kowa ya san yadda ake yi wa sabon alhaji. An shimfiɗa tabarmi a zaure, gari ya yi layi. Kowa ya kama hannun da ya taɓa ɗakin Allah da hannu biyu, ya shafa a fuska. Ga kuma ɗan ƙaramin kofin zamzam, guda ɗaya tak, wanda Alhaji ya fara kurɓa ya sa masa albarka, sannan ya bi baki-baki, daga zaure ya shiga cikin gida wurin mata, ya fito. Mode ya zauna a lungu yana ƙirgawa. Kafin la'asar baki sittin da huɗu sun sha, ba a ɗauraye kofin ko sau ɗaya ba.

Ya jira aka rage, ya matsa kusa.

"Alhaji, ka shiga ɗaka ka huta kwana bakwai. Ka rufe baki da ƙyalle in za ka tari. Zamzam kowa ya zo da kofi nai, a tsiyaya mai. A aje sabulu da buta bakin zaure. Albarka ba ta ƙarewa cikin mako guda."

"Kai dai Mai-leƙen-randa ba ka gajiya," in ji Yusha'u yana dariya. "Tarin Makka na. Wa yat taɓa dawowa babu shi?"

"Bana ba kamar kullum ta ba. Ka zauna cikin mutanen duniya duka, ga murar ga da rediyo ka faɗi."

Dariyar ta ɗauke.

"Wace mura?"

Mode bai iya kwana-kwana ba, bai taɓa iyawa ba. Ya faɗi sunan.

"Mi kac ce? Aladu? Ni da nit taho daga ɗakin Allah, cikin zaurena, gaban jama'a?"

"Ban ce ita ta ba. Na ce ba mu sani ba. Kuma ba ga nama take ba, Alhaji, ko limamin—"

"Tashi, Mode. Tashi tun ina ganin girmanka."

Ya tashi. Hanyar gida bai san inda yake jefa ƙafa ba don takaici. Mutanen da ke rufe rumbun albasa da kyau kada ruɓaɓɓiya ɗaya ta ɓata saura, su ne ba su gane wannan ba? A zamanin da yake da kaki, da ya ɗauke kofin ya sa aljihu, a kai shi ƙara duk inda za a kai. Yanzu ba shi da komai sai baki, bakin kuma an raina shi.

Abin da ya fi damunsa Raihana ce. Tana aure a Maikujera, cikinta na fari, wata takwas. Ya san ba abin da zai hana ta zuwa gaida ubanta, ya kuma san ita za a fara miƙa wa kofin.

Kwana biyu yana ɗaukar kujerarsa da hantsi yana zama a bakin lungun da ke shiga gidan Yusha'u. Rana ta uku sai ga babur, mijinta Lawwali na tuƙi a hankali, ita tana baya ta dafe ciki. Mode ya miƙe ya tsaya tsakiyar lungun, ya ware hannuwa.

"Baba Mode, lahiya?" in ji ta.

"Lahiya lau, ɗiyata. Ku koma."

"Kwana arba'in ban ga Baba ba!"

"Ki ƙara bakwai. Gidan ga mutum huɗu ka kwance da zazzaɓi. Lawwali, kai ka da mata, kai ka da abin da ke cikinta. Juya babur."

"Baba, mi za mu ce wa Alhaji?" in ji Lawwali.

"Ku ce Mode yat tare hanya. Gaskiya ta."

Raihana ta fashe da kuka, ta ce ko daga bakin zaure ta hango shi. Mode ya san zauren, ya san ba a hangen uba daga nesa a bar shi da hannu a miƙe. Bai matsa ba. Lawwali ya juya babur.

Ba su kai bakin gari ba labari ya isa zaure. Yusha'u ya fito dafe da bango, jama'a na biye, yana magana tari na katse shi.

"Ka kira ni mai cutar aladu, na ƙyale. Yanzu ka raba ni da ɗiyata? Wa kake? Baƙon da na ɓoye cikin zaure! Da na san haka za ka zama, da na matsa na ba mahauta hanya."

Ya ɗaga lanƙwasasshen hannun nan ya nuna wa mutane. Mode ya dube shi. Ya ɗauki kujerarsa ya tafi.

Mutum goma sha ɗaya suka kwanta ciwo a gidan Yusha'u. Shi kansa Mode ya yi kwana biyar a kwance bai fita ba. Yusha'u sai da numfashi ya gagare shi aka kai shi Sakkwato, ya dawo da ƙafarsa. Asabe, matar maƙwabcinsa, mai cikin wata shida, wadda ta sha daga kofin ranar farko, ita ma an kai ta, amma ba ta dawo ba. Ba a auna kowa ba, don haka har yau ba wanda zai rantse wace mura ce, Mode ma bai taɓa rantsewa ba. A wurin zaman makoki aka ce lokaci ne. Haka ne, lokaci ne. Amma mutanen da suka faɗi haka su ne suka daina miƙa wa Mode hannu a masallaci, kuma ba don tsoron cuta ba.

Ranar sha shida ga Janairu Raihana ta haihu. Matar Mode, Ma'u, ita ta jiyo a gidan maƙwabta, ta shigo tana huci.

"An haihu, kuma ko goro Alhaji bai aiko ba! Shekara talatin da biyar! Kai kuma kana zaune awa dutse. Ka tahi ka tuna mai wa yar riƙe ragon sunanta!"

Mode na wanke hannu da sabulu bakin kwata, kamar yadda ya saba, har tsakanin yatsu.

"Lahiya ta sauka?"

"Lahiya lau. Mace."

"Uwa da ɗiya duka?"

"Duka, na ce maka."

Ya ɗauraye, ya ajiye buta. Ya kai hannun dama ya shafi damtsensa na hagu, daidai inda sandar mahauta ta sauka a na Yusha'u.

"To, bar shi da goro nai," in ji shi. "Hannu nai ya riga ya biya ni."