Ƙafar Yaya Habu

Wata Juma'a ce bayan la'asar, a ƙarshen damunar shekarar da kowa ke kuka da matsin tattalin arzikin da ake kira ostariti. Dawa ta yi kai, ta kewaye filin ƙwallonmu na Lakwaya kamar katanga. 'Yan Dugabau sun zo mana wasa a bayan akori-kura, suna kiɗa da garewani. Ina ɗan shekara goma sha huɗu, ni ke tsaron gida domin golanmu ya tafi Legas neman abin yi. Daga inda nake na hango Yaya Habu, wana da nake bi, ya yanke mutum biyu ya doshi gola. Wani ƙato ya kwashe shi ta baya. Ƙarar da na ji irin ta busasshen kara ce idan an taka shi. Yaya bai yi ihu ba. Ya dai dubi ƙafarsa ya ce, "Innalillahi."

Kulob ɗin nan namu ba jin daɗi ne ya haife shi ba. Da masaƙun Kano suka fara sallamar ma'aikata, samarin garinmu suka riƙa dawowa gida, kowa da ƙullin kayansa da kunyarsa, suna wuni a gindin tsamiya. Malam Idi, malamin firamare da shi ma aka sallama daga aiki, shi ya tara su ya ce, "Zaman banza ya fi yunwa kisa." Ya roƙi Baba wata tsohuwar gonarmu da ta gaji. Muka tumɓuke ƙaya, muka kafa turakun darbejiya, muka ja layi da tokar murhun Inna. Rigunanmu singileti ne da aka tsoma a marina. Ƙwallonmu ɗaya tak, baduku ya ɗinke ta har ya rasa wurin soka basilla. Kullum a guje nake jan ruwa, in yanko wa awaki ciyawa, in biya allona, don kada a fara babu ni.

Yaya ne hasken idonmu. Wani mai horar da 'yan wasa daga Kano ya taɓa ganinsa a Gwarzo, ya ce Yaya ya same shi a Kano bayan kaka a gwada shi. Gari duka ya ɗauka idan ya tafi, mu ma ƙofa ta buɗe mana.

Ranar da ya karye, a amalanke muka tura shi bakin titi. Asibitin da muka je babu magani, babu abin ɗauri, sai muka komo wurin maɗori. Ƙashin ya haɗe a karkace. Da ruwa ya sake sauka, Baba ya sa garma a filin. Malam Idi ya zo zaure ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ƙaddara ce." Baba ya ce, "Na sani, Malam. Amma ƙasar da ta ci ƙafar ɗana, gara ta ba ni gero." Kafin rani 'yan wasan sun watse, wasu Kurmi, wasu birni, wasu har yau ba labari.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a na yunƙura in farfaɗo da kulob ɗin. Liman bai hana ba, ya ce dai wando ya rufe gwiwa, a kuma tsaya idan an kira salla. Muka yarda, amma samarin duk suna Kano suna acaɓa. Na sami Yaya inda yake facin keke, na roƙe shi ya horar da 'yan ƙananan da na tattaro. Bai ɗago kai ba. "Ƙyale ni, Sale," ya ce. "Ni ko ƙarar usur ba na son ji."

Yanzu yaran garinmu gidan kallo suke cika, sun haddace sunayen 'yan wasan Turai har da na matansu. Idan sun fito suna musu, ta gaban Yaya suke wucewa, wani ya jefa masa keke ya ce, "Tsoho, a sa mini iska." Shi kuma sai ya ja ƙafa ya ɗauko famfo. A da gari guda ke miƙewa tsaye idan ya taɓa ƙwallo. Mu da muka gani da idonmu, kullum raguwa muke yi.