Ni na riƙe ƙafafun ɗiyata

Lokacin da wanga abu ya faru ina matar aure a Goronyo, maigidana manomin albasa ne, ɗiyarmu ta fari ba ta kai shiga makaranta ba. Tun tana ƙarama ta bambanta da sauran yara. Ba ta kallon idon mutum, ba ta shiga wasa, in an tada injin niƙa sai ta toshe kunnuwa ta yi ta ihu. Amma duk abin da ta ji sau ɗaya ya zauna. Takan maimaito labarun rediyo kaf da muryar mai karantawa. Hirar masu kawo mana nono ma takan kwaso ta da Fulatanci, alhali ba mai jin shi a gidanmu.

Da fari abin dariya ne. Sai uwar mijina ta zo daga Tursa, ta saurare ta, ta ce wannan ba bakin yaro ba ne, wani ne ke magana a cikinta. Na ce Inna, mi ta yi? Ta ce in ina son ɗiyata in bari a fitar mata da shi. Kunya da tsoro sunka hana ni musu.

Munka kai ta wurin wani mai magani. Ya rufe ɗaki, ya turnuƙa hayaƙi, yana daka mata tsawa a kunne wai wanda ke ciki ya faɗi sunansa. Ta yi ta kiran Mama, ni ko ina danne da ƙafafunta. Da munka fito ta yi tsit, aka ce an dace.

Shirun nan bai tafi ba. Sai bayan shekaru ƙanwata mai aikin jinya ta sa munka ga likita a Sakkwato. Ya ce galahanga ce, haka Allah ya halicci ƙwaƙwalwarta, kuma wannan hardar baiwa ce da ya kamata a kula da ita. A mota na yi ta kuka har gida.

Yanzu ta zama budurwa. Tana taya ni aiki, tana amsa abin da aka tambaye ta, amma in na matso sai ta janye jikinta.

Iyaye, in ɗanku ya zo daban, ku nemi masu sani kafin ku yanke masa hukunci. Ni ban tambayi kowa ba, kuma har yau ban san yadda zan roƙe ta gafara ba.